Baba, Injin Ciyawarka Ya Ƙi Wuce Gindin Kaɗanya

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da ladabi irin na 'ya ga mahaifinta, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahama da yalwar makwanci. Umma tana nan lafiya, in ban da ciwon gwiwar da ka bar ta da shi. Yaya Nasiru da iyalinsa suna nan ƙalau. Ni ce Rukayya, wadda kake kira makanike idan ina gabanka, kake kira mai kunnen ƙashi idan na ba da baya kana zaton ban ji ba.

Na san ba za ka karanta wannan ba. Waɗanda za su karanta mutane ne da ba su taɓa ganinka ba, kuma na san wasunsu za su ce Rukayya ta fara zautuwa. Su ce. Maganar injin yankan ciyawarka ce ta kawo ni, da maganar kaɗanyar nan ta ƙarshen gida, kuma kai kaɗai ne za ka saurare ni har ƙarshe ba ka katse ni ba.

Ga abin da ake ciki. Tun da ka rasu gidan ya yi wa Umma girma. Yaya ya ce zai taso daga Kurudu da matarsa da yara su dawo kusa da ita, zai gina sashensa a filin baya. Wurin da ya zaɓa shi ne kusurwar kaɗanya. Kai ka san wadda ke kwance a wurin, amma bari in faro daga farko ko don masu leƙen wasiƙar.

Ina ƙarama ƙwarai shekarar da aka ce gwamnati ta tashi daga Legas, kowane ma'aikaci ya bi ma'aikatarsa zuwa Abuja. Abin da na fi tunawa a tafiyar shi ne faɗanku da Umma a kan lodin mota. Ka dage sai an sa jan injin nan da ka saya wajen wani abokin aikinka. Ita kuma tana cewa mutum bai ga gidan ba, bai ga ciyawar ba, amma har ya tanadi abin yankanta. Turminta aka bari a Legas don injin ya samu wuri. Har yau idan ta ji ƙararsa sai ta ambaci turmin nan.

Gidan da aka ba ka sabo ne fil, yana warin fenti. Tsakar gida jar ƙasa ce da sawun katafila, bayan katanga kuwa daji. Ga titi mai faɗi a ƙofar gida, amma sai ka daɗe a tsaye ba ka ga mota ta wuce ba. Mu da muka saba da hayaniyar Legas, shirun garin nan tsoro yake ba mu. Katafila ta share komai a filin, sai kaɗanya guda da ta bari a kusurwa, da wani farin dutse a gindinta. Ka dasa ciyawa da hannunka, ruwa ya sauka, ta kama.

A daminar nan ta farko wata baƙuwa ta zo. Safiyar Asabar ce, kana yanka, ina gabanka ina tsince duwatsu kada wuƙar inji ta harba su. Sai na ga mutum a bakin get, wata mata siririya da ƙwarya a kafaɗa, yadda matan Gbagyi suke ɗaukar kaya. Ba ta yi sallama ba, ba ta ƙwanƙwasa ba. Ba mu take kallo ba, kaɗanyar take kallo. Da ka nufi kusurwar da inji sai ta ɗaga hannu ɗaya. Ka kashe inji. A cikin shirun nan ta faɗi maganar da har yau nake ji da irin Hausarta: "Oga, yarinya na yana kwance nan."

Laraba ne sunanta. Nan ƙauyensu yake kafin masu taswirar sabon gari su zo. Ɗakinta yana daidai inda garejinmu yake. 'Yarta ba ta daɗe da fara tafiya ba ƙyanda ta ɗauke ta, aka binne ta a bayan ɗaki, gindin kaɗanya, aka ajiye farin dutse. Da aka tashe su sai ta koma wajen dangin mijinta a Orozo, can bayan gari. Ta ce ta yi ta yawo a sababbin titunan nan ba ta gane ko'ina ba, har sai da ta hango kaɗanyar ta saman katangarmu.

Ban san me ka ji a ranar ba. Ka goge hannunka da tsumma, ka je ka buɗe mata get. Daga ranar ba ka ƙara barin wuƙar inji ta taɓa wurin ba.

Kowace shekara idan sabuwar doya ta fito, Mama Laraba takan zo. Ta sauke mana namu rabon a ƙofar kicin, ta wuce gindin kaɗanya da doya ɗaya da 'yar gorarta ta ruwa. Kai kuwa da ka buɗe mata sai ka shige ɗaki ka saki labule. Na taɓa tambayarka me take yi a wurin, ka ce: "Abin da take yi tsakaninta da Ubangijinta ne. Ni nawa shi ne in buɗe ƙofa." Kai ne kuma ka hana mu cewa Gwari a gidan nan. Ka ce su Gbagyi suke kiran kansu, mu ma haka za mu kira su.

Yaya Nasiru ka fara koya wa injin. Da ya tafi makarantar kwana sai ka waiwaya ka ga babu kowa sai ni, ka ce to, ai mace ma hannu biyu gare ta. Umma ta yi mita har ta gaji, wai za ka mayar mata da 'ya mai warin fetur, ta rasa mai aurenta. An dai aure ni, Baba, kuma har yau surukinka bai san inda fulogi yake a jikin inji ba.

Ban manta ko ɗaya cikin abin da ka koya min ba. Kafin hannu ya kusanci wuƙa, a cire hular fulogi. Idan za a kwantar da inji a duba ƙarƙashinsa, ɓangaren soson da ke tace iska ne zai kalli sama, in ba haka ba baƙin mai ya gangara ya jiƙa shi, inji ya yi ta turnuƙe gida da hayaƙi. Na taɓa kwantar da shi ta ɗaya gefen, maƙwabta suka fito da bokiti suna zaton gobara ce, ka yi ta yi min dariya har ka riƙe ciki. Da farkon damina mukan juye tsohon baƙin mai tun inji yana da ɗumi, mu zuba sabo. Ni ke wanke soson da sabulu in shanya a inuwa, kai kana wasa wuƙa da magagari. Idan ka gama sai ka rataya ta a ƙusa ta ramin tsakiya, ka ja da baya kana kallo. In gefe ɗaya ya rinjaya sai ka ƙara goge shi har ta tsaya daidai. Idan ruwa ya ɗauke kuwa, ba ka yarda a ajiye inji da fetur a ciki, wai zai yi danƙo ya toshe kafireta, inda fetur yake bi ya shiga inji. Sai mu bar shi yana aiki har ya shanye ya mutu da kansa. Kullum maganarka ɗaya ce: "Inji ba ya ƙarya, Rukayya. In ya tsaya, akwai dalili."

Sai kuma siririn ƙarfen nan na jikin mariƙi, wanda dole mai turawa ya matse shi da yatsu. Yana saki, inji zai mutu nan take. Masu yi wa maƙwabta yanka ɗaure nasu suke yi da tsumma don kada hannu ya gaji. Kai ka ce ranar da ka ga tsumma a jikin naka, ranar zan daina taɓa shi.

Lokacin da nake koyo tsawona bai kai ba, sai ka tsaya a bayana, hannuwanka a kan nawa, muna turawa tare. Idan muka doshi kaɗanya, sai in ji yatsunka sun shiga ƙarƙashin nawa sun ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, daga ƙaramin yatsa. Inji ya mutu. Mu danna mariƙi ƙasa, tayoyin gaba su ɗaga, mu zagaye wurin shiru. Sai mun wuce farin dutsen sosai kake jan igiya ka tayar. Na ce maka ai za mu iya kaucewa ba sai mun kashe ba, jan igiyar nan akwai wahala. Ka ce: "Yarinya ce ƙarama, ƙarar nan za ta firgita ta." Na yi dariya. Kai ba ka yi ba.

Shirun wurin nan daban ne, Baba, kuma na san kai ma ka lura. Kajin Umma sun tone ko'ina a gidan nan har cikin fulawoyinka, amma ban taɓa ganin kaza a gindin kaɗanya ba. Ciyawar wurin ba a taɓa yanka ta ba, amma ba ta taɓa wuce gwiwa ba. Idan ta kai nan sai ta tsaya.

Haka muka yi ta yi har gwamnati ta sayar maka da gidan, har ka yi ritaya, har dajin bayan katanga ya zama benaye, har ƙarfinka ya ƙare ka koma zama a baranda kana kallona ina yanka duk Asabar. Sannan ka tafi.

Yaya ba mugu ba ne, kada masu karatu su ɗauke shi haka. Hujjojinsa ma masu ƙarfi ne. Ya ce Umma ta zame a banɗaki kwanaki, babu ɗanta ko ɗaya a kusa. Ya ce shekaru sun ja, ko ƙashi ba za a samu a wurin ba yanzu. Ya ce duk garin nan a kan gidan wani da kabarin wani aka gina shi, me zai sa kusurwarmu ta zama daban. Ya ce tausayi ne ya sa ka yi abin da ka yi, ba wani hukunci ba ne, kuma mai rai ya fi buƙatar ɗaki. Umma ta goyi bayansa, don tana son jin hayaniyar jikoki. Raina ya ɓaci, na faɗa masa maganganun da ƙanwa ba ta faɗa wa yayanta. Daga ƙarshe na ce a bari in nemo Mama Laraba tukuna, don tun daminar da ka rasu ba mu ƙara ganinta ba.

Na je Orozo. Na yi ta tambaya daga masu tireda zuwa masu sayar da itace har aka nuna min gidan. Wani jikanta na tarar, magidanci, ya dawo daga gona. Ya ba ni kujera da ruwa, sannan ya ce ai Kaka ta rasu, a daminar bara. Daminar da ka rasu ke nan. Ya ce sun san takan shiga gari da doya duk shekara, amma sun ɗauka talla take kai wa wani oga. Bai taɓa jin cewa akwai wata yarinya ba. Na tambaye shi ko akwai tsohon da zai san sunanta, ya girgiza kai. A mota na tuna cewa mu ma duk shekarun nan ba mu taɓa tambayar sunanta ba. Na ji kunya, na kuma ji tsoro, don na gane cewa duk duniyar nan babu wanda ya san tana wurin sai mu uku a gidan nan.

Da na dawo na wuce gindin kaɗanya kai tsaye. Sai na ga kurangar doya ta fito daga gefen farin dutsen, ta nannaɗe itacen tana hawa. Babu wanda ya shuka ta. Na gaya wa kaina wata tsohuwar doyar da ta bari ce ta tsira. Wannan bayani ne mai kyau, kuma na riƙe shi.

Ba ni da sauran hujja, sai na ce wa Yaya na yarda. Sharaɗi ɗaya na kafa. Magini ya ce a share ciyawar wurin kafin ya kafa turakunsa ya ja igiya, ni kuma na ce ba za a kawo lebura da adda ba. Ni zan yanka da hannuna, da injinka. Na ga in dai za a yi, gara wanda ya san da ita ya yi.

Asabar da safe, an kwana ana ruwa, na fito da injin. Ja ɗaya ya tashi. Na yanke gaban gida, na yanke gefen kicin, yana tafiya sumul. Sannan na juya na doshi kaɗanya. Na ƙara matse ƙarfen, na ce bismillah, na tura. Tayar gaba tana kaiwa daidai farin dutsen, inji ya mutu.

Ka san yadda kunne yake yi idan ƙara ta ɗauke farat ɗaya. Na tsaya ina jin ɗigar ruwa daga ganyen kaɗanya. Na ja da baya, na ja igiya, ya tashi lafiya lau. Na sake turawa. Ya sake mutuwa a daidai wurin. Na mayar da shi gareji.

Sai na yi abin da ka koya min, na shiga neman dalili. Na kwance fulogi na ga ya yi baƙi, na goge, daga baya ma na sayi sabo. Ya mutu a wurin. Na wanke soso. Ya mutu a wurin. Na ce ko ruwa ne ya shiga fetur, na juye tankin tas, na sayo sabo na tace da ƙyalle. Na kwance kafireta a kan faranti mafi kyau na Umma, tana ta salati, na bi kowane ɗan rami da siririyar waya na busa. Na ce ko ƙasar wurin ce ta lotsa inji yake karkacewa, na durƙusa na shafa da tafin hannu, ƙasa a miƙe take. Duk Asabar da sabon gyara, duk Asabar sakamako ɗaya. Zai yanke gidan nan kaf bai yi ko tari ba, yana isa farin dutsen ya yi shiru.

Har Jabi na kai shi a bayan mota, wajen wani mai gyaran janareta a bayan tasha. Ya tayar da shi ya bar shi yana ta ruri har masu shayi suka fara ƙorafi. Ya karkata shi nan, ya karkata shi can, ya miƙo min abina ya ce: "Madam, wannan inji ko ni ban kai shi lafiya ba."

Akwai abu biyu da ban gaya wa kowa ba sai yanzu. Wata safiya na shiga gareji, na dafa kan injin don in jawo shi, sai na ji shi da ɗumi. Na ce rana ce ta bugi kwanon rufi. Sai da na fito na tuna cewa tun asuba hadari ne a garin. Na biyu kuma, duk lokacin da ya mutu a wurin nan, bayan hannuwana yakan yi ɗumi, irin ɗumin tafin hannun mutum. Nakan tsaya ban waiwaya ba. Ba zan ɓoye maka ba, Baba, tsoro nake ji in waiwaya in ga wani, kuma tsoro nake ji in waiwaya in ga babu kowa.

Yaya ya fara zargin jan ƙafa nake yi da gangan. Ban ga laifinsa ba, ni ma da ni ce shi haka zan yi zato. Asabar ɗin da ta wuce ya zo da turakun magini a bayan motarsa, ya ce yau ko da inji ko da adda sai an gama. Ya zauna a baranda kusa da Umma, a kujerarka, ya ce in yi ya gani.

Na tayar, na tura, ya mutu. Sai na ji Yaya ya fashe da dariya yana tafa hannu. Ya ce: "Ke kike sakin ƙarfen, Rukayya! Da idona na gani." Na rantse masa ban saki ba. Har yanzu da nake rubuta maka, ban san na saki ba. Abin da na sani shi ne na matse har yatsuna suna ciwo. Ya ce duk makonnin nan ina ta kwance lafiyayyen inji ina ɗaurawa, alhali matsalar tana jikin mai turawa. Ya naɗe hannun riga ya ce in matsa in ga yadda ake yi.

Rabonsa da injin nan tun yana ɗan makaranta. Ya ja igiya, ya damƙe ƙarfen da hannu biyu har jijiyoyinsa suka fito, ya taho da sauri kamar mai tura baro. Ni ina gefensa, ba na kallon komai sai hannuwansa.

Baba, na gani. Yana kaiwa farin dutsen, yatsunsa suka ɗaga ɗaya bayan ɗaya, daga ƙaramin yatsa. Ba buɗewar mai saki ba ce, buɗewar wanda ake ɓamɓare wa yatsu a hankali ce. Inji ya mutu. Bai tsaya ba. Ya danna mariƙi ƙasa, tayoyin gaba suka ɗaga, ya zagaye wurin shiru, kansa a sunkuye. Sai da ya wuce dutsen sosai ya miƙa hannu zai ja igiya, sannan ya farga da abin da ya yi. Ya tsaya yana juya hannuwansa yana kallon bayansu.

Can sai Umma ta ce daga baranda, da wata murya da ban san ta da ita ba: "Haka babanku yake yi."

Yaya ya zauna a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa da fararen kayansa. Sannan ya faɗa min abin da ya ɓoye mana. Ka san ni ban je maƙabarta ba ranar da aka kai ka, shi ya shiga da kai, shi ya san wurin. Ya ce bayan damina ya koma ziyara, ya tarar ciyawa ta cinye layin gaba ɗaya, ɗan katakon da ya kafa don shaida babu shi, an ƙara sababbin kaburbura dama da hagu. Ya yi ta zagaye bai gane naka ba. Ya ce ya tsaya yana yi wa kaburbura sallama, bai san wanne ne na ubansa ba. Ya kasa gaya wa Umma, ya kasa gaya min. Ban taɓa ganin Yaya yana kuka ba tun muna yara sai ranar.

Matar nan ta gane kabarin 'yarta bayan katafila ta bi ta kan ƙauyensu duka. Mu damina ɗaya ta raba mu da naka.

An kafa turakun, amma ba a kusurwar kaɗanya ba. A wurin gareji aka kafa su. Za a rushe garejinka, da teburin aikinka da ƙusar da kake rataya wuƙa. Sashen zai fi wanda ya tsara ƙanƙanta, matarsa ba ta ji daɗi ba, kuma ban ga laifinta ba. Ni ma na yi kuka da nake kwashe sifanoninka a kwali. Sai daga baya na lura cewa ɗakin yaran zai tashi ne daidai inda ɗakin Mama Laraba yake a da. Injin kuwa ya koma ƙarshen barandar Umma. Ta kalle shi ta ce wato dai har yanzu shi ne mai samun wuri a gidan nan, ba turminta ba.

Surukinka ya ce sabo ne kawai, wai jiki yana riƙe abin da aka koya masa tun yarinta ko da mai jikin ya manta. Wataƙila haka ne. Na san wanda ya tafi ba ya dawowa, haka aka koya mana, kuma haka na yi imani. Amma kai ka ce in inji ya tsaya akwai dalili, ni kuma na kwance shi har ƙusa ta ƙarshe ban samu dalilin a cikinsa ba. Ban tambayi Yaya ko bayan hannunsa ya yi ɗumi ba. Shi ma bai tambaye ni ba.

Jiya Juma'a bayan masallaci ya biya maƙabarta da lauje. Tunda bai san naka ba, sai ya share layin gaba ɗaya, kabari bayan kabari, na wanda ya sani da na wanda bai sani ba. Ya ce haka zai riƙa yi. Na ce masa in ba shi aron inji ya fi sauri, ya ce a'a, ƙara za ta dame ku.

Babana, na yi kewarka. Na yi kewar warin fetur da turare a jikin rigarka ta Asabar. Na yi kewar yadda kake ja da baya ka rufe ido ɗaya kana duba wuƙa a kan ƙusa. Ka zo garin nan baƙo da iyalinka da jan injinka, ka tarar da 'yar wasu a kwance a gidan da aka ce naka ne, ka yi shekaru kana tafiya a hankali don kada ka tashe ta. Yanzu kai ne kake kwance a ƙasar wasu, babu ko dutse a kanka.

Allah ya jiƙan ka, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka duk inda yake a layin nan. Allah ya ba Umma lafiya, ya sa albarka a ginin Yaya. Mama Laraba da 'yarta, Ubangijin da ya halicce su ya fi mu sanin su, kuma ya san sunan da mu ba mu tambaya ba. Na ga gari ya tashi da idona, na ga an dasa wani a kan na wasu. Idan wata rana masu taswira suka iso inda kake, ina roƙon Allah ya haɗa ka da baƙon da zai saki ƙarfe ya zagaye ka shiru.

Doyar nan ta kai reshen farko. Ba mu taɓa ta ba.

Wassalam.

'Yarka makanike,
Rukayya